An Ce In Jagoranci Addu'a, Alhali Na Baro Gida Ina Cikin Horo

Salama a gare ku, iyayena. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Jidda, 'yar cocin ECWA daga wajen Kafanchan. Mu biyar ne mata masu bi a gidan ma'aikata, muna haɗuwa ranar Juma'a a ɗakin ɗayarmu, mu yi addu'a, mu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wadda take jagorantarmu kwantiraginta ya ƙare, za ta koma gida ƙarshen wata, sai suka ce ni zan karɓa tunda na iya karatu kuma na san waƙoƙi. Abin da ba su sani ba shi ne na haifi yarinya ba aure, ikilisiyarmu ta sa ni horo na wata 6, ina cikin wata na 4 bizata ta fito na taho. Yau shekara 3 ke nan ba a maido ni ba. Yarinyar tana wurin mahaifiyata. Na tuba, na roƙi gafara ban san iyaka ba, kusan kowane dare sai na sake roƙo. Amma da na buɗe baki zan yi addu'a a gaban mutane, sai in ji kamar ana kirana munafuka. Ban cancanta ba. In na ƙi, taron zai watse. In na karɓa, gani nake yaudararsu nake yi. Yaya zan yi?

'Yarku a Jidda

'Yarmu, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ki.

Kin haɗa abubuwa daban-daban kin sa musu suna ɗaya, wato “ban cancanta ba”, shi ya sa kika rasa ta inda za ki kama. Akwai zunubin da kika tuba a kai. Akwai horon da ba a rufe ba. Akwai kuma fargabar aikin da ba ki taɓa yi ba. Na farkon an gama da shi, ke ce ba ki yarda an gama ba. Na biyun yana nan a buɗe da gaske, kuma takarda ce za ta rufe shi, ba kukan dare ba. Na ukun koyo ne kawai.

Bari mu fara da horon, domin shi ne hannunki zai iya kaiwa a wannan makon, kuma muna zaton shi ne ke ba muryar nan ƙarfin kiranki munafuka. Lamirinki ya san akwai maganar da aka bari a rataye, to bai yi ƙarya ba. A yawancin ikilisiyoyinmu wanda ke cikin horo ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da abin sha da masu bi ke rabawa a coci don tunawa da mutuwar Yesu, ba ya shiga ƙungiyar mawaƙa, ba ya riƙe wani matsayi, har sai dattawa sun zauna sun maido shi an kuma sanar a gaban jama'a. Amma horo ba ɗaurin rai da rai ba ne. A 2 Korantiyawa 2:6-8 Bulus ya gaya wa ikilisiya cewa hukuncin da suka yi wa wani ɗan'uwa ya isa haka, su yafe masa, su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Horon wata 6 da ya miƙe ya zama shekara 3 ya riga ya fita daga abin da aka yi shi dominsa. Sau da yawa ba mugunta ce ke kawo haka ba. Mutum ya yi tafiya, an sauya fasto, magana ta kwanta a littafin zaman dattawa, ba wanda ya sake ɗaga ta.

Ki rubuta wa dattawan ikilisiyarku wasiƙa, shafi ɗaya ya isa. Ki sa cikakken sunanki, wata da shekarar da aka sa ki horo, tsawon da aka yanke, watannin da kika yi, da dalilin tafiyarki. Ki faɗi a jimla biyu ko uku yadda kike zaune tun lokacin. Kada ki sake zayyana abin da ya faru, sun riga sun sani, kuma ba sabuwar shari'a kike nema ba. Daga nan ki yi tambayoyi uku a fili, yadda ba za a amsa miki da “muna addu'a” kawai ba: mene ne matsayina a yanzu? Me ya rage in cika kafin a maido ni? Kafin nan, kun yarda in riƙa karatu da addu'a a ƙaramin taron mata a inda nake? Kada ki rubuta sunayen sauran matan, ko sunan asibiti, ko inda kuke haɗuwa. Ki ɗauki hoton wasiƙar ki tura wa fasto ta WhatsApp, ki tura wa sakataren ikilisiya shi ma, domin shi ke riƙe da littafin, kuma fasto na iya zama sabo wanda bai taɓa jin sunanki ba. Ki sa Mama ko shugabar zumuntar mata ta bi sawu. Idan za ki kira, ki tuna agogon Jidda yana gaba da na Najeriya da awa 2, kuma Lahadi ba ranar samun fasto ba ce, ke ma kina wurin aiki.

Wani abu da ke ɓata wannan hanya shi ne kuɗi. Wanda ke ƙasar waje yakan ji kunyar rubuta wasiƙa hannu sake, sai ya haɗa da gudummawar gini. Kada ki yi. In an maido ki a makon da kuɗinki ya isa, ke da kanki za ki fara zargin saye kika yi, masu baki a gari kuma su samu abin faɗa. Baikonki, wato abin da kike bayarwa a coci, da zakkarki su ci gaba yadda kika saba, ko ki jinkirta babbar kyauta har magana ta ƙare.

Wasu dattawan za su lissafa horon ya cika su sanar ko ba kya nan. Wasu za su ce sai kin zo hutu kin tsaya a gaban ikilisiya. Duka biyun hanya ce. In mako 6 ya wuce shiru, ki tunatar sau ɗaya cikin ladabi. In wani wata ya sake wucewa, ki kai maganar wurin sakataren LCC ɗinku, wato majalisar da ke kula da ikilisiyoyin yankinku. Wannan ba kai ƙara ba ne, tsarin cocin ne ya tanadi hakan. Ba ki ce komai a kan uban yarinyar ba, mu ma ba za mu tona ba, sai dai mun san sau da yawa mace ce ke zama a bencin baya na masu horo shi kuwa namiji ya sauya gari. Wannan rashin adalci ne, amma kada jiran a hukunta shi ya riƙe ki.

To, 'yan'uwanki huɗu fa, yaudararsu kike yi? Ba kowane rufin asiri ba ne yaudara. Yaudara ita ce ki karɓi sunan shugaba alhali kin san ikilisiyarki ta dakatar da ke, ki yi shiru. Amma tara su ki kwashe tarihinki ki zube musu ba wajibi ba ne, kuma a ƙasar da kike irin wannan labari ba abin yawo da shi ba ne a wurin aiki. Ki samu shugabarku da za ta tafi, ku biyu kaɗai, ki gaya mata gaskiya kafin ƙarshen wata. Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna zunubanmu mu yi wa juna addu'a, mutum ɗaya mai riƙon amana ya wadatar. Sauran kuwa ki ce musu: “Akwai wata magana tsakanina da ikilisiyarmu ta gida da nake jiran amsarta. Kafin ta zo, kada mu naɗa kowa, mu riƙa yi bi da bi.” Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Kuma ko ba don ke ba, bi da bi ya fi muku. Dukanku 'yan kwantiragi ne, taron da ya rataya a wuyan mutum ɗaya yakan mutu ranar da jirginta ya tashi.

Yanzu roƙon gafarar kowane dare. Kafin mu shiga, tambaya ɗaya, ki amsa wa kanki ba mu ba: akwai wani abu makamancin wancan da kike ciki yanzu a Jidda? In akwai, to nauyin da kike ji na yau ne, kuma amsa ita ce ki yanke shi tukuna. In babu, kamar yadda wasiƙarki ta nuna, to abin da ke tashinki da dare ba kiran tuba ba ne. Ga yadda ake bambancewa. Idan Ruhu Mai Tsarki ne ke tsauta wa mutum, yakan nuna abu takamaimai, ya nuna abin yi: ki mayar da kuɗin nan, ki nemi gafarar wance, ki rubuta wa dattawa. Da an yi, nauyin ya sauka. Ɗaya muryar kuwa ba ta ba da aiki, suna kawai take kira: munafuka, ƙazama, ke wace ce. Kuma ba ta ƙoshi. Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korantiyawa 7:10, wanda ke kai ga tuba da wanda ke kai ga mutuwa. Wahayi 12:10 kuma ya kira Shaiɗan mai ƙarar 'yan'uwa, dare da rana.

Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin san bambancin miki mai ruwa da tabo. Miki ana buɗe shi a wanke. Tabo yakan yi ƙaiƙayi, wani lokaci har ya yi zafi, amma majinyacin da ke sa farce yana tone shi kullum don ya tabbatar ya warke, shi ke mayar da shi miki. Roƙon nan naki na kowane dare tonon tabo ne. Kowane maimaici yana koya wa zuciyarki cewa na jiya bai karɓu ba.

Ga abin yi. Ki ware lokaci ɗaya da rana, ba da dare ba, ba kuma bayan kin sauko daga aikin dare ba. Ki karanta Zabura 51 da murya, ki ambaci zunubin da sunansa sau ɗaya, ki karanta 1 Yahaya 1:9, inda alkawarin gafara ya rataya a kan amincin Allah da adalcinsa, ba a kan yawan hawayen mai roƙo ba. Ki rubuta kwanan watan a takarda ki ajiye. Daga ranar, duk lokacin da tunanin ya dawo, ba za ki ce “ka gafarta mini” a kan wannan maganar ba, sai dai “na gode da ka gafarta mini”, jimla ɗaya, ki juya ki kwanta ko ki ci gaba da aikinki. Kada ki zauna muhawara da muryar, ba a cin ta da hujja da ƙarfe 2 na dare. Makonnin farko sukan fi wuya, domin za ki ji kamar rashin roƙon shi kansa sabon laifi ne. Ki daure, a hankali take yin sanyi. Inda mutane suka fi zamewa shi ne su bar roƙon dare su koma wani salon biyan bashi: azumin da babu ranar ƙarewa, tambayar kowane fasto a intanet ko da gaske an yafe musu, ko tura kuɗi gida fiye da ƙarfinsu. Azumi abu ne mai kyau, amma ba farashin gafara ba ne, kuma mai tsayuwar awa 12 a kan marasa lafiya ba ta da ikon wasa da cikinta.

Yarinyar kuma ba ita ce zunubin ba. Iyaye mata da ke cikin halinki sukan rage kiran gida ba tare da sun lura ba, saboda muryar yaron na tuna musu. Ki tsayar da rana da lokacin kiranta kowane mako, ko da minti 10 ne.

Game da cancanta ita kanta, ba za mu rarrashe ki da cewa kin cancanta ba, don ba a kanta ake ɗaukar ma'aikata a gidan Allah ba. Dubi Bitrus da kyau. Tun ranar da aka kira shi ya ce wa Yesu ya rabu da shi don shi mai zunubi ne (Luka 5:8), amsar da ya samu ita ce kada ya ji tsoro, daga yanzu mutane zai riƙa kamawa. Bayan ya yi musun saninsa sau uku, Yesu ya same shi a bakin Tekun Galili ya yi masa tambaya sau uku (Yahaya 21:15-17). Bai tambaye shi ko yana jin ya isa ba, bai nemi ya yi alkawarin ba zai sake faɗuwa ba. Ko yana ƙaunarsa ya tambaya, kuma kowace amsa aiki ne ya biyo bayanta: ka yi kiwon tumakina. Ba a ba shi shekara ya je ya huce kunya ba. Makonni kaɗan bayan haka shi ne ya miƙe ranar Fentikos, mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma. Musa kuwa, wanda ya kashe mutum ya binne a yashi ya gudu, ya jera uzuri a Fitowa 3 da 4: wane ni, ba za su yarda da ni ba, bakina da nauyi. Allah ya bi kowanne ya amsa. Inda ya husata shi ne da Musa ya ce a aiki wani. Wannan wurin ya kamata ya tsayar da ke. Ba kowane ja da baya ba ne tawali'u. Wani lokaci tsoron kunya ne ya sa rigar tawali'u, mata huɗu kuma su rasa inda za su ji Maganar Allah da harshensu.

Saura aikin kansa, wanda ya fi sauƙi a kan yadda kike zato, muddin ba ki ɗauka wa'azi aka ce ki yi ba. Minti 40 ya isa. Waƙa ɗaya ko biyu daga Littafin Waƙoƙi, minti 5, da murya ƙasa-ƙasa. Gajeriyar addu'ar buɗewa. Karatu, aya 10 zuwa 15, kowa ta karanta biyu ko uku. Ku ɗauki littafi ɗaya ku bi shi a jere. Markus ya dace, sura 16 ne kuma labari ne mai tafiya, ba sai kin yi ta neman “saƙon mako” ba. Bayan karatu, minti 15 na tattaunawa a kan tambayoyi uku da ba sa canzawa: me ya faru a nan, me ya nuna mana game da Yesu, me za mu yi da shi kafin Juma'a mai zuwa? Sai roƙe-roƙe, kowa abu ɗaya, ta kusa da ita ta yi mata addu'a. Ku rufe da Addu'ar Ubangiji, ku tashi a kan lokaci, saboda wata tana da aikin dare.

Shiri kuwa minti 15 sau uku a mako: ranar farko ki karanta wurin kawai, ta biyu ki rubuta abin da ba ki gane ba, ta uku ki rubuta amsarki ga tambayoyin nan uku. Tunda buɗe baki ne ke ƙulle miki maƙogwaro, ki rubuta addu'ar buɗewa a layi 5 ko 6 ki karanta ta. Zabura ma rubutattun addu'o'i ne. In murya ta yi rawa, ki ci gaba a haka, kada ki tsaya ba da haƙuri, kada kuma ki fara da “ni dai ban isa ba”. Wannan gabatarwar tana juyo da idon kowa kanki, ta tilasta musu rarrashinki maimakon su saurari karatun. In an yi tambayar da ta fi ƙarfinki, ki ce za ki tambayo fasto, ki kuma tambayo ɗin.

Abubuwan da ke kashe irin wannan taro sanannu ne. Mai jagora ta cinye lokacin da magana ita kaɗai. Roƙon addu'a ya rikiɗe ya zama gulmar wadda ba ta zo ba. A shiga gardamar ɗariƙa, wannan 'yar COCIN, waccan Katolika, a kan baftisma ko Maryamu. Ku yarda tun farko cewa kowa ta kai irin wannan tambayar cocinta. Fassara ma takan kawo ruɗani, domin tsohuwar ta 1932 da ta 1979 da sababbin da ke cikin waya ba kalmominsu ɗaya ba, wata ta ce Yohanna wata ta ce Yahaya, don haka ku zaɓi guda ku riƙa karantawa daga ita. Kada ku tara baiko, kuɗi ba tare da ma'aji da littafi ba rigima ne. In wata ta shiga matsala, a taimaka mata kai tsaye. Jibin Ubangiji da baftisma kuwa ba naki ba ne, ba don tarihinki ba, sai don cocinki ya keɓe su ga waɗanda ya naɗa.

Ki riƙa tuna inda kuke. Babu majami'a ko ɗaya a Saudiyya, ba a yarda da ibadar wani addini a fili ba, yi wa Musulmi wa'azi kuma laifi ne a dokar ƙasar. Addu'arku ta tsaya a cikin ɗaki, tsakaninku. Ban da ɗaukar hoto ko bidiyo, ban da sawa a Facebook, ban da gayyatar abokan aiki Musulmi ko ba su takardu, kuma kada ku bar taron ya yi girman da zai ja ido. Ku kiyaye dokokin gidan ma'aikata a kan baƙi da lokaci. Jidda cike take da masu jin Hausa, kada ku ɗauka harshe ya rufa muku asiri, ku kuma girmama maƙwabta da lokacin sallarsu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Akwai ɓangaren da kika fi mu sani amma masu jinya sukan manta da shi a kan kansu. Rashin barci, aikin dare, kewar 'ya da zaman kaɗaici duk suna ƙara wa muryar zargi kaifi. Da Iliya ya ce shi bai fi kakanninsa ba, gara ya mutu, abin da aka fara ba shi abinci ne da barci, har sau biyu, kafin a yi masa magana (1 Sarakuna 19). In kin kai mako 2 barci ya ƙi, abinci ya fita ranki, ba abin da ke miki daɗi, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, ki ga likita ba tare da jinkiri ba, ki kuma gaya wa ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan a ranar. Wannan ciwo ne da ake magani, ba ƙarancin bangaskiya ba.

In amsar dattawa ta zo suka ce ki dakata da jagora har sai kin zo hutu, ki bi, kada ki ɗauke shi a matsayin sabon hukunci. Ki nemi su tsayar miki da rana a cikin hutun tun yanzu, don kada ki je ki tarar ba a shirya zama ba. Kafin nan ki ba da ɗakinki, ki riƙe jadawalin wa ke hutu wace Juma'a, ki leƙa wadda ba ta da lafiya, ki kwafe tsarin minti 40 ɗin nan a takarda ki miƙa wa wadda za ta fara karanta Markus sura 1.